Kusar da Nata'ala Ya Matse

Shekara goma sha ɗaya na yi ina facin taya a gefen rumfar Nata'ala bakanike, a bakin tashar Faskari, kuma ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba sai direbobi. Su kam suna shan faɗa. Siririn mutum ne mai ɗan doro saboda yawan sunkuyo, amma daga Ƙanƙara har Sabuwa, in sitiyarin mota ya fara wasa, wurinsa ake kawowa.

Wasa shi ne ka juya sitiyari ya yi ta tafiya a banza kafin tayoyi su amsa. Maganinsa yana saman akwatin ƙarfen da ke gindin sitiyarin, wata kusa ce mai noti a wuya. A sassauta notin, a murɗa kusar kaɗan, a sake ɗaurewa. Ko ni mai faci na iya wannan. Abin da Nata'ala ya fi mu sani shi ne inda za a tsaya. Haƙoran da ke cikin akwatin a tsakiya suke cinyewa, don mota ta fi tafiya a miƙe. In ka matse har tsakiyar ta daina wasa, gefen da bai cinye ba sai ya cije, direba ya sha kwana sitiyari ya ƙi dawowa. Shi ya sa yakan ɗaga gaban mota da jak, ya juya sitiyarin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sannan ya bar masa wasa na yatsa biyu. Direban da ya ce a ƙara matsewa, sai ya miƙa masa sifana ya ce ya je ƙofar gidansu ya matse.

Shekarar Udoji, da aka yi ƙarin albashi, sababbin manyan motoci suka cika hanya, duk mai tsohuwa ya fara jin kunyar tasa. Har da Alhaji Barau na Tafoki, mahaifin Saudatu matar Nata'ala. Wata Talata ya tuƙo tsohuwar motarsa ta katako da kansa, ya tsaya a gaban rumfar. Nata'alan nan mai zagin direbobi ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, kai a ƙasa.

"Malam," in ji Alhaji, "sitiyarin wagga mota ya lalace. Na hau sababbin nan, ko taɓawa ka yi sai su amsa. Haka nike son tawa."

"To, Baba."

Ya yi aikinsa yadda ya saba, ya bar yatsa biyu. Alhaji ya hau, ya girgiza sitiyarin, ya leƙo ta taga.

"Da saura. Ƙara mata."

Ina kallo. Na zaci ko da tari ne Nata'ala zai yi. Ina! Ya sassauta notin, ya ƙara murɗawa. Alhaji ya sake cewa da saura, ya sake ƙarawa, har wasan ya mutu gaba ɗaya. Da ya jawo jak don ya gwada, Alhaji ya ɗaga hannu.

"Bar wannan, azahar ta gabato. Jibi Salihu za shi kai masara Sabuwa, ina da shiri."

Salihu ɗansa ne, ƙanen Saudatu, mai 'ya'ya biyu. Motar na barin tasha na taso wa Nata'ala.

"Kai, don mi ka yi haka? Hau keke ka bi shi!"

"In je har zaurenshi in ce mashi bai san mota ba?" ya ce. "Akwai kwana biyu. Gobe Saudatu za ta tahi."

Haka ake yi, kuma har yau abin yana ci mini rai. Mutum ba ya gyara wa surukinsa magana baki da baki. Sai ya faɗa wa matarsa, ita ta faɗa wa uwarta, uwar ta nemi lokacin da maigida ke cikin nishaɗi. Ni ma da nake cika baki ina da keke, ban je ba, na ce sha'anin gidansu ne.

Tun a bakin Nata'ala maganar ta fara laushi. Ya kasa ce wa Saudatu ubanta ya sa an yi ɓarna, sai ya ce a maido motar kafin ta yi lodi, akwai abin da bai gama ba. Ranar Laraba ta isa Tafoki ta ce wa uwarta Hajiya mijinta yana son a maido motar. Hajiya kuwa ba za ta shiga wurin mijinta da umarnin suruki ba. Ta ce Malam yana gaisuwa, ya ce in an samu sukuni a leƙa masa da motar.

Ranar Alhamis da hantsi Salihu ya tashi da lodin masara har sama. A wata kwana bayan Mairuwa, inda hanya ke gangarawa rafi, ya karya sitiyari hagu, sitiyarin ya tsaya a nan. Manoman da ke wurin sun ce sun hango shi a miƙe cikin motar yana ja da hannu biyu. Kafin su gama ɗebe buhunan da suka danne gaban motar, rai ya yi halinsa.

Nata'ala ya ƙara shekara ashirin a rumfar nan yana gyaran birki da sifirin, amma duk wanda ya kawo sitiyari, Funtuwa yake tura shi. Na san ranar da ya bari, don tare muka je gaisuwa. Zauren ya cika maƙil. Ya raɓe can kusa da takalma, amma Alhaji Barau ya hango shi, ya yafito shi. Idon tsohon ya kumbura, muryarsa ta dushe. Ya kama hannun Nata'ala ya riƙe.

"Malam, saƙonka ya iso, Hajiya ta hwaɗa mani. Na ce in yaron ya dawo, ran Asabar shi kawo maka ita."