Haƙorin Ekkehard da Hantarsa

Ƙanena Ekkehard ya yi shekara talatin yana koyar da lissafi a Freiburg, kuma bai taɓa yarda wani ya fi shi sani ba. Da ya yi ritaya sai ya gano wai likitoci duk jahilai ne. Ya koma yawo a daji ba takalmi, ya rabu da Dokta Lindner, wadda ta daɗe tana duba masa haƙora, da haƙori ya fara masa ciwo sai ya samo wani sabon asibiti mai ƙamshin turare.

Ni na kai shi ranar farko, kuncinsa a kumbure. Aka ba shi takarda mai shafi tara. Yaya barcinsa? Ta wane gefe yake kwanciya? Ya yafe wa mahaifinsa? Ya zauna ya cika ta kamar mai jarrabawa. Likitan ya sa shi ya miƙe hannu, ya danna hannun ƙasa, sannan ya ce haƙorin lafiyarsa lau, hanta ce take fushi.

A mota ya ce mini, bakinsa a karkace, "Kin ji ko, Hedwig? Hanta ce."

Na ce, "Na ji. Ka gaishe ta."

Mako uku ya yi yana shan ruwan ganye, yana kuskure baki da man kwakwa. Ranar da haɗiyar yawu ta gagare shi, matarsa ta tasa shi gaba sai wurin Dokta Lindner. Cikin minti goma ta cire ruɓaɓɓen haƙorin. Har yau yana gaya wa mutane man kwakwar ne ya sassauta shi.