Ranar da na kama minjirya da hannu

Ni ɗan Yelwa ne, jikan masu sayar da kifi. Na sha faɗa cewa ko an ɗaure mini idanu, da hanci kawai zan gaya maka sunan kifi da unguwar da aka haife shi cikin tafkin Kainji. Wanda na fi cika wa kunne da wannan shi ne yayan matata, ma'aikaci a Kaduna, wanda tun ranar aurenmu yake kallona a matsayin mai surutu kawai.

Da ya zo hutu sai ya ce in kai shi ya ci kifi a bakin ruwa. Na kai shi garin Wara, muka shiga wata rumfa da wata dattijuwa ke soya kifi. An kafa allo da sunayen kifaye, Hausa a dama, Turanci a hagu. Wanda ya yi fassarar bai wahalar da kansa ba. Giwan ruwa ya ce babban kifi, ƙurungu ƙaramin kifi, sauran biyar kuwa duk "wani kifin" ya rubuta.

Yaya ya yi dariya ya ce, "Allon nan ba zai taimake ni ba. Kai ne gwani, zaɓar mana."

Dattijuwar ta jawo robobi biyu, kifaye da ransu suna motsi. Ni fa kifin da na sani na banda ne, baƙi, a lanƙwashe, an jera a kwando. Waɗannan kuwa kowanne da launinsa, suna kallona. Ga Yaya a dama, ga masunta uku a kan benci sun daina cin tuwo. Babu hanyar fita sai ta cikin roba.

"Wanne kaka so, Alhaji?" in ji ta.

Na hango wani shi kaɗai a ƙaramar robar, ɓul-ɓul, sumul, mai ɗigo-ɗigo. Na ce a raina wanda aka ware ai shi ne na manya.

"Wanga, Inna. Jaririn giwan ruwa ne, Yaya, ba kowa ke samunsa ba."

"Alhaji, kar ka..."

Kafin ta ƙarasa na cafke shi. Wallahi sai da na ga garin kakannina. Wutar da ta bi hannuna ta isa ta haska Yelwa har Shanga. Hulata ta yi gabas, takalmina ɗaya ya yi yamma, na zauna daɓas cikin ruwan wanke kifi. Minjirya ce, kifin nan mai jan mutum kamar lantarki.

Na ce ai gwada lafiyarta nake yi. Yaya ya ɗauko hular, ya kakkaɓe, ya miƙo mini.

"Ba komai," ya ce. "Ashe kai sai sun mutu kake gane su."