Ƙwayar da Merv Ya Ƙi Saki

Duk wanda ya taɓa kai taya faci a bayan tashar jiragen ruwa ta Newcastle ya san Merv Tolhurst. Haƙoransa huɗu ne, amma in ya bushe da dariya sai ka rantse talatin da biyu gare shi.

Yana saurayi, su takwas suke zagaya allura ɗaya suna tsira wa kansu kayan maye. Allurar ta ba shi tsaraba biyu: ƙanjamau da ciwon hanta nau'in C. Abokan nan bakwai duk shi ya raka su makabarta, da baƙar kwat ɗaya, har gwiwar hannunta ta koɗe. Shi kaɗai ya kai lokacin da aka samo wata ƙwaya ruwan ɗorawa mai danne ƙanjamau. Shekara ashirin yana haɗiyarta. “Mutuniyata” yake ce mata. Kamar sauran waɗanda suka ga zamanin da babu magani, bai iya zubar da ko guda ba. Duk rarar da ya samu, cikin gwangwanin biskit take shiga.

Da idonsa ya fara yin rawaya, likita ta ce an sami maganin hantar, sati goma sha biyu ya warke. Sharaɗi ɗaya ne: tsohuwar ƙwayar tana karya ƙarfin sabon maganin, dole a sauya masa wata.

“To, likita, yadda kika ce,” in ji Merv.

Ya sha sababbin kuwa, bai tsallake rana ba. Amma kullum ya buɗe kabad ya ga gwangwanin, sai fuskoki bakwai su faɗo masa. Sai ya ɗauki guda ya kora da shayi. Ai ƙari ba ya ɓata miya.

Da aka sake gwada jininsa, cutar hantar tana nan daram.

Yayarsa Glenys ce ta gano dalili, ranar da ta zo masa shara ta nemi biskit.

“Kai, tsohon banza! Mene ne wannan?”

“Yaya, ba na ci ba ne, ajiye.”

“Saura guda shida a ciki, Merv. Ina sauran?”

“Ita ta hana ni bin abokaina su Col kabari,” ya ce, yana kallon ƙasa. “Yanzu kuma in ce mata na gode, sai wata rana?”

Glenys ta ja shi asibiti da gwangwanin a jakarta. Likita ta saurara, ba ta yi faɗa ba. Ta ce akwai wani maganin da za a gwada, amma hoton hantar ya nuna wani ƙullutu da babu shi bara, ana fargabar ciwon daji ne, shi za a fara dubawa.

Merv ya tura mata gwangwanin a kan tebur.

“Ki riƙe ƙwayoyin,” ya ce. “Gwangwanin dai na mahaifiyarmu ne.”

Suka shiga mota. Sai da suka kusa gida ya ce, “Yaya, baƙar kwat ɗin nan tana nan a kabad. In ta Allah ta kasance, a binne ni da ita. Kada ki sayi sabuwa.”