Gaɓa Biyu a Gwangwani

A siton da ni da yayana muke dakon siminti, can gabashin Jidda kusa da duwatsu, akwai wani tsohon maigadi, mutumin Agadas, da ke ajiye gwangwanin madara a kan katanga. Ya ce in ruwan sama ya kai gaɓa biyu ta yatsa kafin shayi ya tafasa, to kwari zai kawo ruwa, a bar gangare. Dariya muke masa, don a Jidda sai a shekara gwangwanin bai tara komai ba sai ƙura.

Mu ma muna da tamu dabarar. Ba mu da iƙama, takardar izinin zama, saboda haka da mun ji jiniya sai mu shige kwalbatin da ke ƙarƙashin titi, mu lafe har motar 'yan sanda ta wuce.

Wata rana da hantsi ruwa ya ɓarke. Tsohon ya tsoma yatsa ya zaro, shayinsa ko ɗumi bai yi ba.

"Gaɓa uku! Yalla, maza ku hau rufi!"

Sai ga jiniya daga titi. Yaya ya yar da buhu ya zura da gudu.

"Yaya, dawo! Ka ji abin da Baba maigadi ya ce!"

"Kai tsaya su kai ka Kano kyauta!" in ji shi, ya faɗa kwalbati.

Na bi shi. Ƙarar ta riga ruwan isowa, kamar ana juye tifar duwatsu. Laka ce ja mai kauri, ɗauke da duwatsu da rodi, da wata farar mota tana juyawa tayoyinta a sama. Na kama wuyan hannunsa a bakin ramin. Dutse ya daki gwiwata, na ji ƙashin ya fashe. Lakar ta ɗaga Yaya ta buga kansa da siminti, jini ya fantsamo min a fuska, hannun ya suɓuce. Tsohon ne ya jefo min igiya daga katanga, ya jawo ni.

Bayan kwana biyu aka tono shi a jikin wani shingen waya, bakinsa cike da yashi. Ashe jiniyar ta masu gargaɗi ce, suna cewa a hau sama.

Gwangwanin yana wurina yanzu. Na ja masa layi biyu da ƙusa. Ko yayyafi aka fara, sai in ɗauki sandata in fita in duba.