Takubban Linval a Gidan Makoki

Ranar Alhamis, sha bakwai ga Oktoba, Allah ya karɓi ran Linval Dunkley a gidansa da ke garin Port Royal, ruwan sama na zuba. Wata mai tallar kifi ce ta gaya mini ta taga, ta wuce. Tun ranar kujera ta gagare ni.

Linval, ka san ban saba yabon mutane ba. Na karanta Latin, na koyar da 'ya'yan ƙasar nan har ƙarfina ya ƙare, yau waɗanda na koya wa riƙon alƙalami sai su ɗaga gilashin mota in sun hango ni. Kai kaɗai ka ci gaba da kirana Tica ba da ba'a ba.

Da guguwa ta yaye mini rufi, kai ka zo ka kwashe jiƙaƙƙun littattafaina, ka shimfiɗa mini katifa a ɗakin takubbanka. Takubban ado na hafsoshin Ingila, rataye tsirara, kubensu a gefe, kowanne da zanen kambi da sunan mai shi a jikin ƙarfen. Na ce maka, "Kakanka ya tsufa yana goge wa Bature takobi a bariki, kai kuma ka gaji aikin ba wanda ya sa ka." Ka ce, "Tica, shi in ya goge miƙawa yake. Ni in na goge, a bangona nake ratayewa. Ci kifinka kafin ya huce."

Babu amaryar da ta nemi aron takobin yanka kek ka hana ta. Sai dai kana tsaye bayan ango da tsumma a hannu, kafin a gama tafi ka karɓe ka share.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ka sha gaya mini kuben fata danshi yake sha, a iskar gishirin garin nan kuma takobin da ya daɗe a ciki tsatsa ce ke cin zanensa, zanen da ya tafi kuwa ya tafi. Da na je gaisuwa na tarar an lulluɓe madubai kamar yadda aka saba, kada mamaci ya ga fuskarsa ya ƙi tafiya. Na leƙa ɗakinka, sai na ga matarka ta mayar da kowane takobi kubensa. Ƙyallinsu ya yi yawa, a wurinta su ma madubai ne.

Na ce, "Miss Ena, damina ce fa. A fito da su."

Ta ce, "Sai bayan zaman makokin dare na tara, in ruhinsa ya tafi."

"Wannan camfi ne."

"Kai mai Latin ne, Tica, amma ni ke kwana a gidan. Mutumin da tun yana raye ban iya fitar da shi daga ɗakin nan ya ci abinci ba, in ya ga fuskarsa a jikinsu, wa zai raba shi da su?"

Na koma gida, na fito, na zaga bakin ruwa, na sake zagawa, ina jin danshi a rigata ina tuna ƙarfen. A wurin masu gyaran injin kwale-kwale na tsaya na roƙi gwangwanin giris, na koma mata. Na ce zan zare su ɗaya bayan ɗaya, in shafe kowanne har ƙyallin ya mutu. Ta leƙa gwangwanin, ta ce, "Ka shafa da kauri. Zan duba."

Ta duba kuwa, ta kara fuskarta a kowanne. Guda ɗaya na tarar tsatsa ta riga ni, ta ci harafin farko na sunan wani kyaftin. Sauran sun tsira. Suna nan a bango, dusu-dusu, munana, da ka gan su da ka zage ni.

Ka tafi, Linval. Babu abin da za ka tsaya kallo a ɗakin nan.

Ubangiji ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya ba ka hutun da ba a samu a nan. Miss Ena, da 'yarku Merlene, da jikoki, Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya sa ku kwana lafiya a gidanku.

Lascelles Binns