Numfashin Iya Hansatu

Duk bazara, idan zafi ya tsananta a Nariya, gidan Iya Hansatu mai ƙosai mata suke zuwa. Shekararta arba'in a bakin kasko, zafi bai taɓa kwantar da ita ba. Takan zaunar da su a inuwar darbejiya, ta ce su miƙe baya, su naɗe harshe, su zuƙo iska a hankali kamar mai kurɓar kunu, su fitar ta hanci.

Rahma, 'yar ƙanenta da ta raina tun daga yaye, ta fi kowa iyawa. Da ta koma Kano sai ta fara saka bidiyo a waya, tana ce wa abin yoga. Aka tambaye ta inda ta koya, buɗar bakinta sai ta ce wajen wata malama 'yar Indiya. Ko kunya babu!

Labari ya kai kunnen Iya. Bana tana cikin koya wa wata amarya, sai amaryar ta miƙo mata waya.

"Iya, ba haka ake yi ba. Kalli yadda Anti Rahma take yi."