Tafiyar da Na Kai Gwaggo Machina

Har na yi aure ban taɓa ganin dutsen da ya fi dutsen niƙa girma ba. Ƙasarmu ta Gashua shimfiɗaɗɗiya ce: kogi, fadama, yashi, sai goruba nan da can. Sana'ata bandar kifi ce. In na tara kwanduna sai in kai su Nguru, inda jirgin ƙasa ke kwashe su zuwa Kano. A shekarun da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Turawa ne na yi tafiyar nan, kuma ba don kaina na yi ta ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce, a gidanmu take zaune tun rasuwar mijinta. A Machina aka haife su. Wata shekarar yunwa kakana ya ɗauko ta da mahaifina ya gangaro da su bakin kogi neman abinci, ya bar matarsa da jaririyar da take goyo, don ba za su iya hanya ba. Bai koma ba. Daga baya wani fatake ya kawo labarin cewa uwar ta rasu, jaririyar kuwa ta rayu. Iyakar abin da aka sani ke nan. Gwaggo ta tsufa a cikinmu, yanar tsufa ta rufe mata idanu, har ya zama haske da inuwa kawai take rarrabewa.

Wata safiya ina ɗaure kwanduna ta laluba ta zauna kusa da ni.

"Ɗana, wannan karon da ni za ka."

"Me za ki yi a Nguru, Gwaggo?"

"Ba Nguru ba, gaba da nan. Ina so in dafa dutsen garinmu tun hannuna yana da sauran gani."

Mahaifina bai hana ba. Ya dai ba ta bargonsa.

Motar gyaɗa ce ta kai mu Nguru. Gwaggo ba ta so garin ba; duk lokacin da jirgi ya yi kuka sai ta toshe kunnuwa da mayafi. Da na sallami kifina, muka bi wasu mutanen arewa da suka kawo fatu suna komawa da takarkarai ba kaya. Suka shimfiɗa buhuna a bayan wani farin sa mai sanyin hali, suka ɗora ta.

Ƙarshen damina ne. Gero ya fitar da kai, ya fi mutum tsawo, hanya ta zama kamar lungu a tsakanin gonaki. In muka hau tudun yashi sai mu gangara mu tarar da tafki, bado ya rufe shi, balbelu tsaye a gefe kamar an manta da su. Takun sa a yashi ba ya ƙara. Mutum yakan yi tafiya har ya kasa tuna ko ya yi magana ɗazu ko a zuci ya yi ta. Jefi-jefi Gwaggo takan ce, "Me kake gani?" In ce gauraka biyu, ko rugar Fulani, ko wata kuka da tsawa ta tsaga. Ta gyaɗa kai kamar mai duba kayan da ta ba da ajiya. A wata ruga muka kwana, aka ba mu nono da dambu.

Washegari da hantsi na fara hango wasu abubuwa can gabanmu. Na ɗauka hadari ne ya kwanta a ƙasa, shuɗi-shuɗi, sai na ga ba ya motsi. Da muka matsa sai suka koma kamar giwaye a durƙushe, wasu bisa wasu, itatuwa sun tsiro a tsakaninsu.

"Gwaggo, ga wasu abubuwa can. Ban san yadda zan faɗa miki ba."

"Ba sai ka faɗa ba," in ji ta. "Iskar ta sauya. Sauke ni."

Ta tuɓe takalmanta ta miƙo mini, ta kama kafaɗata, muka ƙarasa a ƙasa. Dutsen farko da muka iso a bakin hanya yake, rana ta ɗumama shi. Ta ɗora tafin hannunta a kai, ta daɗe, leɓunanta na motsi. Da na kasa kunne sai na ji Manganci take yi, harshen da rabon da in ji shi a bakinta tun ina ƙarami.

Garin a gindin duwatsun yake, ya lafe a jikinsu. Ban taɓa shiga gari mai shiru irinsa ba. Akwai mutane, akwai awaki a tsaye can ƙololuwa inda ban ga ta yadda suka hau ba, amma komai a hankali yake. Ana daka a wani gida, sai dutse ya maido da ƙarar taɓaryar, ka rasa wanne ne dakan gaske. An shanya kuɓewa da barkono a kan falalen dutse, ba mai gadi.

A ƙarƙashin wata tsamiya muka sami wani dattijo yana tufka igiya. Ya yi mana lale, Gwaggo ta faɗi sunan ubanta da na uwarta. Ya ajiye igiyar, ya dube ta da kyau, sannan ya miƙe ya ce mu biyo shi. Muna cikin wani lungu sai na ga mesa kwance a kan dutse tana shan rana, kaurinta ya kai cinyata. Na ja da baya na ɗaga sanda. Dattijon ya riƙe mini hannu, ba da ƙarfi ba.

"Baƙo, nan ba a dukansu. 'Yan gari ne. Wuce abinka."

Muka wuce ta gabanta. Ko kai ba ta ɗaga ba.

A ƙofar wani gida na zana ya yi sallama. Daga ciki wata mace ta amsa, tana faɗa wa wani ya kore kaji daga tsaba. Yatsun Gwaggo suka nutse a kafaɗata.

"Muryar innarmu ce," ta ce a hankali.

Matar da ta fito ita ma ta manyanta, doguwa, goshinta irin na mahaifina sak. Dattijon ya yi mata bayani. Ta tsaya da ƙwarya a hannu tana kallon Gwaggo. Ɗaya ba ta gani, ɗayar kuma ba ta da abin tunawa, don tana goye aka rabu. Aka shimfiɗa tabarma suka zauna. Gwaggo ta miƙa hannu ta bi fuskarta, goshi, kunci, haɓa.

"An sha gaya mini ina da yaya a bakin wani kogi," in ji matar. "Na ɗauka irin maganar da ake rarrashin maraya da ita ce."

"Ni na riƙa goya ki in inna za ta rijiya. Kina da nauyi."

Sai ƙanwar ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ni da dattijon muka fita waje.

Kwanakin da na yi a can sun cakuɗe mini, ban iya jera su. Babban ɗan ƙanwar, sa'ana ne, makiyayi, shi ya riƙa yawo da ni. Ya hau da ni dutse, ina rarrafe yana jirana. A can sama muka tarar da ruwan sama kwance a wani kwarmi, garau, da 'yan kwaɗi ƙanana a ciki. Ni da na tashi a ruwa, ban taɓa zaton zan same shi a bisa kaina ba. Daga nan ana ganin gonaki har inda ido ya gaji, da garken shanu kamar an watsa farin wake, da wani ayarin raƙuma da ya ce daga ƙasar da Faransawa ke mulki suke, ga ta can ba nisa. Na nemi iyakar ban ga komai ba sai gero. Muka kwanta a inuwar wani dutse da ya rusuno kamar rumfa. Shaho na shawagi a ƙasa da mu. Daga cikin gari muryoyi na tasowa sama ɗaya-ɗaya, a ciki har na tsinkayi ta Gwaggo tana ba da wani labari. Barci ya ɗauke ni, na farka ban san ko wace rana ce ba, ban kuma damu in sani ba.

Da na ji masu takarkarai za su koma Nguru, na ce wa Gwaggo ta shirya. Tana zaune tana ɓarar wake ita da ƙanwarta, ƙwarya ɗaya a tsakaninsu.

"Ka gaida ubanka," ta ce. "Ka ce masa na iso lafiya."

"Gwaggo, amana aka ba ni. Me zan ce a gida?"

"Abin da na faɗa maka. Nan ko ba jagora ina zuwa bayan gida in dawo, ƙafata ta san wurin. Je ka, iyalinka na jira."

Na dubi ƙanwar ko za ta taya ni. Ta ci gaba da ɓarar wakenta. Da zan tafi ta cika mini jaka da garin kuka da busasshiyar kuɓewa, ta ce in kai wa yayanta namiji, in kuma gaya masa ba ta riƙe shi da komai ba.

Na isa Gashua da la'asar, na sami mahaifina a zaure yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Na faɗa masa duka. Ya saurara bai ɗago ba. Can ya ce, "Akwai wata rijiya a bayan gari, tsakanin duwatsu biyu, da ake sauka da matakala. Ka gan ta?"

Na ce ban gani ba.

"Ruwanta sanyi kamar na randa," in ji shi. Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Gwaggo ta yi shekaru a can kafin Allah ya karɓi abarsa, aka binne ta kusa da uwarta. Mahaifina ya yi ta cewa in an gama girbi zai je. Da kaka ta zo sai kogi ya ja baya, kifi ya yi yawa, ya ce sai baɗi.